Minti Talatin Ɗin Nan, A Wuyan Wa Yake?

A shekarar 1993 wata kotu a birnin St. Louis na Amurka ta ci kamfanin Domino's tarar dala miliyan 78, bayan wani direbansa mai kai fiza ya ƙetare danja ya buge wata mata a motarta. A lokacin kamfanin yana da alƙawarin da ya yi suna da shi: fizarka za ta iso cikin minti 30. A watan Disamba na wannan shekarar ya janye alƙawarin a Amurka.

Alƙawarin ya tafi, amma agogon bai tafi ba. A 2008 kamfanin ya fito da manhajar da ke nuna wa mai saye inda odarsa ta kwana, daga murza ƙullu zuwa fitar direba. A 2012 ya buɗe reshensa na farko a Legas, kuma yau manhajojin odar abinci sun saba mana da zura wa waya ido muna ƙirga mintuna.

Mu duba yadda mintunan ke rabuwa. Ƙullu yana da lokacinsa. Murhun gashi ba ya jin magiya. In aka ciro fiza da wuri, ɗanya ce. Layin odojin da suka riga taka ba ya gajarta don yunwarka. Wuri ɗaya ne kawai ake iya matse lokaci: kan titi. Ke nan duk jinkirin da ya taru a kicin, mai babur ne ake sa ran ya biya shi da gudu.

Mu masu rubuta manhaja mun san cewa tsari yana bauta wa abin da aka koya masa aunawa ne. Mintuna suna da gurbi a rumbun bayanai, taurarin da mai saye ya bayar ma haka. Kwanar da aka sha da ganganci ba ta da gurbi, don haka ga manhaja ba ta faru ba.

Wani zai ce ai shi ya zaɓi aikin, kuma yawan zirga-zirga shi ne yawan samunsa. Gaskiya ne. Sai dai zaɓin mai neman na tuwo ba ɗaya yake da na mai ƙoshi ba. Kuma yaron da ke tsallaka titi, wa ya shawarce shi?

Da can, in ka aiki ɗan maƙwabci, ka san uwarsa, ka san haƙƙinsa na wuyanka har ya dawo. Manhaja ta ɓoye fuskar ɗan aike, amma ba ta sauke haƙƙin ba; raba shi ta yi gida uku. Kamfani ne ke yanka lokaci, mu ne ke mayar da shi doka a cikin na'ura, mai saye kuma ke riƙe da bulalar taurari.

Kason mai saye shi ne mafi sauƙin saukewa. Ka rubuta kwatance mai kyau. Kada ka kira mutum sau biyar yana kan babur. In ana ruwa, kada ka rage masa tauraro. Fiza in ta huce ana ɗumama ta. Mutum in ya faɗi, sai abin da Allah Ya yi.