Ƙungiyar Ƙwadago, Don Wa Aka Kafa Ta?

Filin wannan mako zai duba wata matsala wadda ta shafi tukunyar miliyoyin gidaje, watau raunin da ya kama ƙungiyoyin ƙwadago da kuma abin da zai iya farfaɗo da su. Wani zai ce ina ruwan wannan fili da zancen albashi da yajin aiki? To, malaman fiƙihu sun keɓe babi sukutum ga ijara, watau ɗaukar mutum aiki a kan lada, sun kuma tsananta ƙwarai a kan biyan ɗan ƙwadago hakkinsa cikakke ba tare da jinkiri ba. Saboda haka duk ƙungiyar da ta ce don tsare wannan hakki aka kafa ta, amana ta ɗauka, amana kuwa abar tambaya ce.

Ƙungiyoyin ƙwadago na Nijeriya sun ga zamani. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da na sauran ma'aikatun gwamnatin Turawa suka ajiye aiki, Michael Imoudu yana kan gaba, suna neman ƙarin kuɗi saboda tsadar da yaƙin duniya na biyu ya jawo. Sun yi fiye da kwana arba'in ba su koma ba, matan kasuwar Ikko suna tallafa musu, har daga baya gwamnati ta yi ƙarin. A ran 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe mahaƙan kwal 21 a Inugu, jinin nan kuwa ya tayar da ƙasa gaba ɗaya, Kudu da Arewa. A 1978 gwamnatin soja ta tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta mai da su manya guda 42 a ƙarƙashin uwar ƙungiya ɗaya, watau NLC, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko. Ƙarfin da ta yi ya sa sojoji suka rushe shugabancinta har sau biyu, a 1988 da 1994.

Amma yau lamarin ya sake, kuma ba a Nijeriya kaɗai ba. A Amurka, a tsakiyar shekarun 1950, kusan ɗaya cikin kowane ma'aikata uku yana cikin ƙungiya, a 2024 kuwa bai wuce ɗaya cikin goma ba. A Birtaniya 'yan ƙungiya sun kai miliyan 13 a 1979, yanzu sun ragu da kusan rabi. A gida kuma, masaƙun Kakuri na Kaduna, waɗanda suka fara da masaƙar KTL a 1957, sun rufe ɗaya bayan ɗaya, haka nan masana'antu da yawa na Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano, dubban ma'aikata suka watse, ƙungiyoyinsu suka rame. Naira 125 da aka yanke a matsayin mafi ƙarancin albashi a 1981 ta kai kimanin dala 200 a lokacin, alhali Naira 70,000 da aka yanke a 2024 ba ta kai dala 50 ba a lokacin. A Janairun 2012 yajin aiki da zanga-zanga sun tilasta wa gwamnati sauko da litar fetur daga kusan Naira 141 zuwa 97, amma da aka cire tallafin a 2023 ƙungiyoyin ba su iya mai da hannun agogo baya ba.

Shugabannin ƙwadago sukan ɗora laifin a kan rufewar masana'antu, da shigowar kayan waje masu araha, da dabarar kamfanoni ta ɗaukar ma'aikatan wucin gadi ta hannun 'yan kwangila don kada su shiga ƙungiya. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, tsagewar kuwa tana cikin amsar tambaya ɗaya: don wa aka kafa ƙungiyar?

Malaman fiƙihu sun kasa 'yan ƙwadago kashi biyu. Akwai wanda suka kira ajir khass, shi ne wanda ya ba da lokacinsa ga maigida ɗaya, kamar ma'aikacin ofis ko na masaƙa, wanda ladansa yake wajaba da zarar ya miƙa kansa ga aiki a lokacin da aka yi sharaɗi. Akwai kuma ajir mushtarak, shi ne wanda yake yi wa kowa aiki ana biyansa a kan abin da ya gama, kamar tela da marini da ɗan dako. Shari'a ba ta bar ko ɗaya daga cikinsu ba, kowanne ta tsara masa hakkinsa da abin da yake kansa. Ƙungiyar ƙwadago ta zamani kuwa, a yadda ta taso daga masana'antun Turai, kashi na farko kaɗai ta sani, har ma a cikinsa sai mai takardar ɗauka aiki da albashin wata. Alhali ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta 2023 ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba su da irin wannan takarda. Su ne 'yan acaɓa da masu tura kura da leburorin gini da 'yan aikin gida da yaran shago da masu ƙwadago a gonakin wasu. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ma ta keɓe duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan idan aka yi yaji aka sami ƙarin albashi, kaɗan ne suke karɓa, mafi yawa kuwa sai dai su tarar da tashin farashi a kasuwa. Yaya za a yi mai tura kura ya ɗauki wannan ƙungiya tasa?

A tarihin Makka akwai ma'auni da ya dace da wannan tambaya. Kimanin shekara ashirin kafin Annabci, wani fatake daga Zubaidu ta ƙasar Yaman ya kawo haja, Asi ɗan Wa'ilu, ɗaya daga cikin manyan gari, ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ba shi da dangi a Makka, sai ya hau dutsen Abu Ƙubaisu ya kai kukansa ga jama'a. Nan da nan wasu gidajen Ƙuraishawa, ciki har da Banu Hashim da Banu Zuhra da Banu Taimi, suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'anu suka ƙulla alkawari cewa za su tsaya tare da duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har sai an mayar masa da hakkinsa. Suka je suka karɓo wa fataken kayansa. Wannan shi ne Hilful Fuduli, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarce shi yana saurayi, ya kuma yabe shi bayan Annabci. Abin lura a nan shi ne, Larabawa suna da ƙawance iri iri kafin wannan, amma duk na kare ɗan kabila ne ko da shi ne da laifi. Wannan ya fita daban domin wanda aka fara yi dominsa ba ya cikin waɗanda suka ƙulla shi.

Saboda haka hanyar farko ta farfaɗowa ita ce a buɗe ƙofa ga wanda yake waje. Kada a ce ba ya yiwuwa, domin an yi an gani. A 1972, a birnin Ahmedabad na ƙasar Indiya, wata lauya mai suna Ela Bhatt, wadda take aiki da ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, ta tattara mata masu dako da masu tallar kayan miya da masu ɗinki a gida ta yi musu rajistar ƙungiya mai suna SEWA, alhali ba su da maigida ɗaya da za su yi wa yaji. A 1974 suka kafa bankinsu na haɗin kai, yanzu kuwa membobinsu sun haura miliyan biyu. A Nijeriya ma ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, da ta ga masaƙu suna mutuwa, ta jawo teloli masu zaman kansu cikinta. Ƙasar Hausa kuwa ba baƙuwar wannan tsari ba ce, don tun kafin zuwan Turawa akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina, kowanne yana tsara sana'arsa, yana sasanta rigima, yana kai kukan mutanensa fada. Har gobe kusan kowace kasuwa da tasha tana da ƙungiyar masu sana'a. Abin da suka rasa shi ne sanin doka da murya a teburin da ake yanke shawara, wannan kuwa shi ne abin da manyan ƙungiyoyi suke da shi.

Hanya ta biyu ita ce ƙungiya ta zama mai amfani a ranar da babu yaji. A Suwidin da Denmak, inda kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikata suke cikin ƙungiya, ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne asusun tallafa wa wanda ya rasa aiki yana da alaƙa da ƙungiyoyin, ma'aikaci yana ganin amfanin kuɗin da yake bayarwa a ranar da ƙafarsa ta zame. Wanda ya san adashi ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ɗan acaɓa da aka kama masa babur ba bisa ƙa'ida ba yana bukatar lauya, leburan gini da ya faɗo daga bene yana bukatar kuɗin asibiti, matar mamaci da aka riƙe wa fansho tana bukatar mai bin mata sawu ofis ofis. Ƙungiyar da ta tsaya musu a waɗannan ranaku ba za ta sha wahalar tara su ba idan ta kira.

Hanya ta uku ta shafi shugabanni. Tsarin 1978 ya sa ana cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya shiga hannun mai shi. Wannan ya ba ƙungiyoyi ƙarfi da dukiya, amma yana ɗauke da fitina, domin shugaban da kuɗi suke zuwa masa ko bai taka ƙafa zuwa wurin ma'aikata ba, yana iya manta fuskokinsu. Daga nan ne zargi yake tasowa duk lokacin da aka janye yaji cikin dare bayan ganawar sirri, zargi kuwa ko da ba gaskiya ba ne yana cin amana kamar yadda gara take cin azara. Maganinsa a bayyane yake: a karanta wa 'yan ƙungiya lissafin kuɗinsu kowace shekara, a yi zaɓe a kan lokacinsa, kada a sa hannu a kan wata yarjejeniya sai an koma an ji ta bakin waɗanda aka wakilta. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Saura batu mafi nauyi, watau yajin aikin kansa. Ba shakka wanda aka riƙe wa ladansa wata da watanni yana da hujjar janye hannunsa, domin maigida ne ya fara warware sharaɗi. Amma ƙa'idar shari'a ita ce ba a gusar da cuta ta hanyar ɗora wata cutar a kan wanda ba shi da laifi. Lokacin da malaman jami'o'i suka yi yaji na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kukansu a kan yarjejeniyar 2009 da gwamnati ta kasa cikawa kuka ne na gaskiya, amma 'ya'yan talakawa ne suka zauna a gida, masu hali kuwa nasu suna jami'o'in kuɗi ko ƙasashen waje. Haka abin yake idan aka rufe asibitin gwamnati, mai naƙudar da mijinta ba shi da kuɗin asibitin kuɗi ita ce take biyan bashin da ba ita ta ci ba. Don haka lalle ne yaji ya zama makamin ƙarshe bayan an bi matakan sulhu, a sanar da jama'a dalili tun da wuri, a bar ƙofar ceton rai a buɗe, a kuma nemi hanyar da zafin zai sauka a kan mai riƙe da hakkin. Matan kasuwar da suka ciyar da masu yaji a 1945 sun yi haka ne don sun ga yajin nasu ne, ranar da talaka ya ga yaji a matsayin ƙarin azaba a kansa kuwa, ƙungiya ta rasa garkuwarta.

Har ila yau, ijara alkawari ne mai ɓangare biyu. Ma'aikacin da yake zuwa ofis da hantsi ya tashi kafin azahar, ko wanda ba ya motsa fayil sai an ba shi na goro, yana raunana ƙungiyarsa fiye da yadda wata doka za ta raunana ta, domin jama'ar da ya wulaƙanta a kan teburinsa su ne zai nemi goyon bayansu gobe. Ƙungiyar da take hukunta ɗanta idan ya ci amana, ita ce za a saurara mata idan ta ce an zalunce shi.

Mai albashi da yake karanta wannan fili yana iya fara gwada kansa tun daga gidansa. Nawa yake biyan yarinyar da take yi masa wanke-wanke, da mai gadin da yake kwana a ƙofarsa, kuma yana biya a kan lokaci? Allah Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, Ya sa albarka a cikin gumin masu nema, Ya kuma mayar wa kowane mai hakki hakkinsa, amin.