Batirin Litiyam da Haƙƙin Wanda Ke Kujera ta Biyu

A ƙarshen watan Yuli na kowace shekara, jirage sama da dubu 10 kan sauka a Oshkosh da filayen da ke kewaye da shi, a jihar Wisconsin ta Amurka. Da yawa daga cikinsu ba wata masana'anta ce ta haɗa su ba. A garejin gida aka ƙera su, ƙusa bayan ƙusa, wani ma sai da ya cinye wa mai shi shekara goma. Ƙungiyar EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, ita ce uwar wannan taro. Dokar Amurka ta yarda mutum ya haɗa jirginsa ya tashi da shi, muddin fiye da rabin aikin masu sha'awa ne suka yi shi don ilimi ko nishaɗi. Kamfanin Van's na jihar Oregon kaɗai, jiragensa samfurin RV da aka haɗa a gida suka kuma tashi sun haura dubu 10.

Maƙerin irin wannan jirgi ba a tilasta masa sayen kayan da hukumar jiragen sama ta FAA ta sa wa hatimi. Waya, fis, altaneta, batir, duk zaɓinsa ne. A kan batir ɗin kuwa an daɗe ana kai ruwa rana. Batirin darma da aka saba da shi, irin Odyssey PC680, nauyinsa kusan kilo 7 ne. Takwaransa na litiyam, kamar ETX680 na kamfanin EarthX, bai kai kilo 2 ba, kuma ya fi shi ƙarfin murza inji. Mutumin da ya kwana yana lissafin yadda zai rage rabin kilo a jikin jirginsa, a ce masa ga kilo 5 a sauƙaƙe, ai ba sai an roƙe shi ba.

Masu ɗari-ɗari suna da hujja. A ranar 7 ga Janairun 2013, batirin litiyam ya kama wuta a cikin Boeing 787 na kamfanin Japan Airlines yana ajiye a Boston. A ranar 16 ga watan, wani 787 na kamfanin ANA ya yi saukar gaggawa a Takamatsu saboda batirinsa ya ƙone. Aka dakatar da samfurin gaba ɗaya har cikin Afrilu. Boeing ya yi hasashen irin wannan matsala sau ɗaya a cikin awa miliyan 10 na tashi, sai ga ta sau biyu a cikin awa kusan dubu 52. Gyaran da aka yi ya haɗa da kulle batirin a akwatin ƙarfe da fitar masa da bututun hayaƙi zuwa wajen jirgi. Wato injiniyoyin sun amsa cewa ba za su iya rantsuwa batirin ba zai sake ƙonewa ba, abin da ke hannunsu shi ne hana wutar kai wa ga mutane.

Masu goyon baya su ma ba su yi ƙarya ba. Batirin 787 haɗin litiyam da kobalt ne. Wanda masu ƙera jirgi a gida suke sakawa haɗin litiyam da ƙarfe da fosfet ne, LiFePO4, wanda ya fito daga ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Texas a shekarun 1990. Ya fi jure zafi nesa ba kusa ba, kuma ba ya saurin sakin iskar oksijin da ke rura wuta. Shi ne dai irin wanda ya cika gidaje masu sola a Kano da Abuja. Ba kasafai yake tashi da harshen wuta ba. Amma idan ya lalace yana fitar da hayaƙi mai kauri, ga ɗakin matuƙin ƙaramin jirgi bai kai cikin motar tasi faɗi ba, kuma babu gefen hanya da za a tsaya a buɗe ƙofa.

Haɗarin da ya fi ɓuya ma ba na wuta ba ne. A cikin batirin akwai ɗan allon lantarki da ke gadinsa, wanda idan ƙarfin wuta ya yi yawa ko ya yi ƙasa ainun, sai ya katse batirin don ya tsira. To a ce regiletar altaneta ta lalace a sama, wuta ta fara hauhawa. Batirin darma zai shanye wani ɓangare na ambaliyar na ɗan lokaci, ya ba matuƙi damar kashe altaneta. Na litiyam yana iya janye jikinsa, ya bar rediyo da allunan tuƙi a hannun altaneta da ba ta da linzami. Ga kuma wani hali nasa: idan yana ƙarewa ba ya nunawa. Mitar gaban matuƙi za ta yi ta karanta volt 13 ko kusa da haka har ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗi lokaci guda. Tsohon inji mai maganeto bai damu ba, don shi yake samar wa kansa tartsatsi. Amma jiragen gida da yawa a yau kwamfuta ce ke ba injinsu mai da wuta. Lantarki na ɗaukewa, farfela ta daina ja.

Shin mutum yana da ikon ɗaukar wannan kasada? Masanin falsafa John Stuart Mill ya kafa hujja a 1859 cewa hukuma ba ta da hurumin hana baligi mai hankali abin da shi kaɗai zai cutar. Dokar jiragen gida ta Amurka kusan a kan wannan turba take. Sabon jirgi yakan yi awa 25 ko 40 na gwaji a yankin da aka keɓe masa, nesa da cunkoson gidaje, ba tare da fasinja ba. Malaman Musulunci ba su sakar wa mutum mara har haka ba, domin a wurinsu rai amana ce a hannun mai shi, bai mallake ta ba balle ya yi caca da ita. Duk da haka ba su haramta kasada ba, in ba haka ba da fatake ba su keta Sahara ba. Abin da suke dubawa shi ne ko mutum ya yi tanadin da masana abin suka san ana yi, kuma ko zaton tsira ya rinjayi zaton halaka. Wanda ya yi tanadin sannan ya miƙa lamari ga Allah, tawakkali ya yi. Wanda ya sa batirin litiyam bai ko binciki yadda altanetarsa za ta yi da shi ba, ya ce ai kwana ba ya ƙarewa sai lokaci ya yi, wannan ganganci ne, kuma babu mazhabar da ta ba shi mafaka.

Har zuwa nan, maganar mutum ɗaya ake yi. Amma mafi yawan jiragen RV kujera biyu gare su, wani ma huɗu.

Da zarar an kammala awannin gwaji, matar gida ce za ta zauna a kujerar nan, ko jika, ko ɗan makwabta. Shirin Young Eagles na EAA, wanda aka fara a 1992, ya ɗaga yara sama da miliyan 2 kyauta, wasunsu a cikin jiragen gida. Doka ta ce a manna rubutu inda fasinja zai gani, mai sanar da shi cewa wannan jirgi bai cika ƙa'idojin tsaro na jiragen masana'anta ba. Ta fuskar shari'ar ƙasa, an sanar da shi, ya yarda. Sai dai yardar da ba ta da ilimi a bayanta ba ta da nauyi sosai. Yarinya 'yar shekara 12 za ta iya karanta rubutun, ba za ta taɓa sanin a tambayi ko an sa na'urar da ke kashe altaneta da kanta idan wuta ta wuce kima ba. Abin da ta yarda da shi shi ne mutumin da ke riƙe da sandar tuƙi. Fikihu ya san wannan matsayi tun da daɗewa: wanda ya yi wa mutane magani alhali bai san likitanci ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ta biyo baya, ko da majinyacin da ƙafarsa ya zo. Rubutun da ke jikin allo zai iya kare maƙeri a gaban alƙali, amma nauyin sanin abin da ya haɗa yana nan a wuyansa.

Saboda haka tambayar ko batirin litiyam ya dace da jirgin gida ba ta da amsa guda, don ya danganta da hannun da ya faɗa. Ya dace da wanda ya sa kariya daga hauhawar wuta, ya tabbatar altanetarsa ba ta fi ƙarfin abin da batirin zai iya karɓa ba, ya nisanta shi da zafin salansa, kuma idan a cikin ɗakin matuƙi yake, ya zaɓi mai bututun fitar da hayaƙi. Irin wannan mutum yakan kunna dukkan kayan jirgin a ƙasa, ya riƙe agogo, ya ga minti nawa batirin zai ɗauke su babu altaneta, ya maimaita a kowane binciken shekara. Idan injinsa da lantarki yake rayuwa, ya ba shi madogara ta biyu. Ya kuma san cewa cajin batirin a sanyin da ya kai na ƙanƙara yana lalata shi daga ciki. Wanda ya ga wannan duka wahala ce, batirin darma yana nan, kuma kilo 5 ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma mutumin da maƙerin bai taɓa gani ba, wato mai saye. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta bayyana a 2012 cewa jiragen gida kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen Amurka, amma su ke da kashi 21 na haɗurran da suka ci rai a 2011, kuma da yawan haɗurran suna faruwa ne a farkon rayuwar jirgi ko jim kaɗan bayan ya koma hannun sabon mai shi. Sabon mai shi ya gaji wayoyin da ba shi ya ja su ba. Fikihun ciniki ya wajabta bayyana aibin haja, kuma a nan bayyanawar tana nufin taswirar wayoyi mai tsabta, da rubutu a littafin jirgin da ke faɗin wane batir aka sa, a wace shekara, da abin da zai faru da injin idan batirin ya katse kansa.