Zama da Tsayuwa: Abin da Wani Aikatau na Sifaniyanci Ya Koya Mana

Masu iya magana sun ce hali zanen dutse. Mun taso muna jin wannan karin magana a bakin iyaye da kakanni, mun kuma sha maimaita ta a gaban ɗalibai ba tare da mun taɓa neman hujjarta ba. Abin da ya sa muka waiwaye ta yau shi ne wani tsohon littafin koyon Sifaniyanci da muka tsinta a wurin masu gwanjon littattafai. A cikinsa muka ci karo da wani aikatau mai haruffa uku kacal, wato ser, wanda ya jefa mu cikin tunani a kan hukuncin da muke yanke wa mutane da bakinmu da kuma alƙalaminmu.

Bari mu fara da nahawun. A Sifaniyanci, harshen da kusan mutum miliyan 500 suka tashi da shi a ƙasar Sifen da Amurka ta Kudu da Meziko da sauransu, yawancin aikatau suna bin ƙa'ida. Idan aka ɗauki hablar, wato yin magana, sai a riƙe saiwar a riƙa sauya wutsiyar: hablo, hablas, habla, hablamos, habláis, hablan. Wanda ya iya wannan ya iya ɗaruruwa irinsa. To amma ser kangararre ne. A lokacin da ake ciki ana cewa soy (ni ne), eres (kai ne ko ke ce), es (shi ne ko ita ce), somos (mu ne), sois (ku ne), son (su ne). A shuɗaɗɗen lokaci mai ɗorewa sai ya rikiɗe ya koma era, eras, era, éramos, erais, eran. A shuɗaɗɗen lokaci wanda ya yanke kuwa sai ya sake kama: fui, fuiste, fue, fuimos, fuisteis, fueron. Mai koyo ba shi da wata dabara a nan face hadda.

Dalilin wannan kangara yana cikin tarihi. Sifaniyanci daga harshen Latin ya fito, shi kuwa ser gauraye ne na aikatau biyu na Latin: esse, mai ma'anar kasancewa, da sedere, mai ma'anar zaunawa. Masana harshe sun lura cewa kalmomin da aka fi yawan furtawa su ne suka fi riƙe tsofaffin siffofinsu, domin yaro yana haddace su tun bai san wata ƙa'ida ba. Shi ya sa tun daga littafin nahawun Antonio de Nebrija na 1492 har zuwa ayyukan cibiyar kula da harshen da aka kafa a Madrid a 1713, masu nahawu sai dai su rubuta ser yadda suka same shi.

Sai dai ser yana da abokin tafiya, wato estar, wanda ya fito daga stare na Latin, ma'ana tsayuwa. Shi ana cewa estoy, estás, está, estamos, estáis, están. Da ser ake faɗin ko wane ne mutum, asalinsa da sana'arsa da ɗabi'arsa. Da estar ake faɗin inda yake da yanayin da yake ciki. Idan aka ce es malo, mugu ne. Idan aka ce está malo, ba shi da lafiya. Es listo mai wayo ne. Está listo ya shirya. Es un borracho mashayi ne. Está borracho yana cikin maye. Sifa ɗaya ce a kowane tagwaye, amma aikatau ɗin da aka zaɓa shi ke nuna ko an yi wa mutum tambari ne ko kuwa an ba da labarin yininsa.

Bahaushe zai gane wannan da sauri, domin a bakinmu ma kalmar zama tana nufin zaunawa, tana kuma nufin kasancewa, kamar a ce wane ya zama malami. Wanda ya zauna ya sauke kayansa, wanda yake tsaye kuwa yana iya wucewa. Haka kuma muna da dirka, wato ne da ce, muna da yana da tana. Akwai tazara mai nisa tsakanin "yaron nan ɓarawo ne" da "yaron nan ya yi sata". Tambayar ita ce, yaushe ya halatta mu tsallake wannan tazara?

Mun taɓa tsallake ta da garaje. A wata shekara akwai wani yaro a ajinmu da ba ya rabuwa da gyangyaɗi, rubutunsa kuma kullum rabi da rabi. A ɗakin malamai muka haɗu a kan cewa malalaci ne, har muka rubuta haka a katin sakamakonsa, malamin aji na gaba ya karanta ya ɗora a kai. Sai da zango biyu suka wuce sannan muka ji cewa yaron yana kwana aiki a gidan burodi tun bayan rasuwar mahaifinsa. Gajiya ce ke damunsa, mu kuwa muka mayar da ita suna. Kafin mu gyara, yaron ya riga ya yarda da mu, ya daina ɗaga hannu a aji. Wannan ita ce illar dirka idan aka ɗora ta a kan ƙaramin yaro: yakan zauna a inda aka zaunar da shi.

Mai karatu na iya cewa, to, ashe ke nan kada mu ƙara kiran kowa azzalumi ko maƙaryaci? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, bai kamata mu kauce masa ba. Al'ummar da ta kasa kiran macuci da sunansa ta miƙa raunananta ga kura. Wanda ya ci amana sau goma, idan muka ce ai yanayi ne kawai, mun cuci mutum na goma sha ɗaya. Hali gaskiya ne, kuma ser yana da wurinsa.

Amsar da muka samu tana cikin jerin nan na uku da muka kawo a sama. Fui, fuiste, fue da sauransu ba na ser kaɗai ba ne. Aikatau ir, mai ma'anar tafiya, da su yake amfani harafi da harafi. Fui maestro na nufin na kasance malami, fui al mercado na nufin na tafi kasuwa. Sai abin da ya biyo baya ke rarrabe su. Wannan haɗuwa tarihin harshe ne ya kawo ta, ba wani mai hikima ne ya tsara ta ba, amma muna ganin akwai abin lura a ciki: abin da mutum ya kasance shi ne jimillar wuraren da ƙafarsa ta kai shi. Hali taku ne da aka yi ta maimaitawa har ya zama turba. Saboda haka dirka tana buƙatar shaidu masu yawa da lokaci mai tsawo, ba a kafa ta da gani ɗaya. Kuma tunda da tafiya aka gina ta, wanda ya sauya hanya ya dage a kai, haƙƙinsa ne mu mayar da es ɗinsa era, mu ce da can haka yake. Da hali ba ya kankaruwa sam, da tuba ba ta da ma'ana, da mu malamai ma ba mu da aikin yi.

Wani abin da ya ƙara ɗaure mana kai shi ne, a Sifaniyanci ana cewa es joven, matashi ne, da ser, alhali ƙuruciya mai wucewa ce. Ana kuma cewa está muerto, ya mutu, da estar. Masu nahawu sun bayyana cewa estar yana nuna yanayin da aka iso bayan wani sauyi. Ke nan harshen da ya ɗauki mutuwa kanta a matsayin wurin da aka iso, mu ne za mu ɗauki kuskuren yaro ɗan shekara 14 a matsayin asalinsa?

A nan muke kira ga 'yan uwanmu marubuta, musamman masu tasowa. Sau da yawa mukan buɗe littafi mu tarar tun a shafin farko an sanar da mu cewa kishiya muguwa ce, attajiri marowaci ne, jarumi kuwa ba shi da aibi. Marubucin ya yanke hukunci kafin a saurari shari'a, mai karatu kuma ya koyi yin haka ga maƙwabcinsa. Ku nuna mana inda tauraronku ya tafi, da abin da ya kai shi, da yanayin da ya kwana a ciki, ku bar mu mu ɗora dirkar da kanmu idan ta cancanta. Mu ma daga wannan zango mun ɗauki alkawari: a katin sakamako za mu rubuta abin da ɗalibi ya yi da abin da ya rage masa, mu yi jinkirin rubuta ko wane ne shi.