Magini da alhakin abin da ya gina

Wata gardama muka yi a fada, ni da wani abokina mai karatun zanen gine-gine, har yau ba ta sake ni ba. Kan wani Bajamushe ne, Karl Friedrich Schinkel, wanda aka haifa a 1781 ya rasu a 1841. Yana ɗan shekara shida gobara ta cinye garinsu Neuruppin, mahaifinsa kuma ya rasu jim kaɗan bayanta. Yaron nan da ya ga garinsu ya koma toka, shi ne daga baya ya sake wa Barlin kama.

Shi ya zana Neue Wache, gidan dogaran sarki, aka gama a 1818. Shi ya zana Altes Museum, da aka buɗe a 1830 don jama'ar gari su ga kayan da a da ke kulle a gidan sarauta. Shi ya fitar da siffar lambar yabon soja mai suna Gicciyen Ƙarfe a 1813, lokacin yaƙi da Napoleon. Bayan shekara ɗari da wani abu ƴan Nazi suka dasa tambarinsu a tsakiyar gicciyen, filin gaban gidan tarihin kuma suka daɓe shi da dutse, Hitler yana tara mutane a wurin.

Abokina ya ce: "Haba, ina ruwan matacce? Ai ba maƙeri ke biyan diyyar wanda aka sara da gatari ba."

Na yarda, amma rabi. Gatari ba ya koya wa kowa sunkuyar da kai. Gini kuwa yana yi. Ginshiƙi 18 jere a saman matakala, in ka tsaya ƙarƙashinsu dole ka ji ka ƙanƙance. Schinkel ma'aikacin sarkin Furusiya ne, ya san mulki yake yi wa ado, ya kuma san ba shi zai zaɓi mai hawa matakalar gobe ba. Wannan sanin, a ganina, yana da nauyi.

To sai dai ga inda na cije. Tun 1993 Neue Wache ta zama wurin tuna waɗanda yaƙi da zalunci suka halaka. A ciki akwai mutum-mutumin uwa rungume da gawar ɗanta, ruwan sama na sauko mata ta wata kafa a rufin. Kafar ma ba shi ya huda ba, a 1931 aka yi ta. In na ɗora masa zunubin taron Hitler, dole in ba shi ladan wannan uwar, alhali ko ɗaya bai nufa ba. Na faɗa wa abokina haka, ya ce to ai na dawo kan maganarsa. Na ce ban dawo ba tukuna.