Hannu ko harshe?

Ɗiyar ƙanwata ta same ni a zaure bayan la'asar, ta ce, "Kawu, wata uku ke nan na kasa tsayar da zuciyata." Karatun lafiya take so, amma ba likita ba, ba nas ba. Abu biyu ne suka raba mata hankali. Na farko aikin mayar da majinyaci ga harkokinsa na yau da kullum: ya riƙe cokali, ya sa riga da kansa, ya koma kan sana'arsa. Na biyu gyaran magana, wato aiki da mai i'ina, da yaron da bakinsa ya yi nauyi, da dattijon da ciwo ya ɗauke wa harshe. Uwarta ta ce ruwan ido ne kawai. Ni ban ga haka ba.

Hujjarta ta farko mai ƙarfi ce. Tun 2009 garin nan yake tara mutanen da bam ko harsashi ya raba da hannu ko ƙafa. A 2020 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta buɗe cibiyar ƙafar roba a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, kuma kowa a Hausari ya san wani da ya je can. To amma ƙafar roba ba ta koya wa mutum yadda zai yi tsuguno a bayi, ko yadda mai ɗinkin hula zai sake riƙe allura. Wannan aikin wani ne daban, ba na masu gashin ƙashi kaɗai ba. Shi kansa fannin a bayan yaƙi ya yi ƙarfi, lokacin da Amurka da Ingila suka cika da sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da rauni. Ta ce, "Kawu, in garinmu wannan yake buƙata, ba son kai ba ne in bi ɗayan?"

Nan ne na tsaya. Buƙatar da ido yake gani ba ita ce kaɗai buƙata ba. Wanda ya rasa ƙafa ana ganinsa a bakin Kasuwar Monday, yana iya faɗin abin da ke damunsa, yana iya zuwa ofis ya yi ƙorafi. Wanda ya rasa magana fa, wa zai kai wa kuka, kuma da wane baki? Yaro ya kai shekara biyar bai haɗa kalma biyu ba, sai mu ce miskili ne, ko mu ce iska. Na san wani tsoho a layinmu da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Irin wannan ciwon yakan tafi da magana, domin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, kuma a nan harshe yake ga yawancin mutane. Hannun an yi ta gasa masa. Bakin kuwa babu wanda ya kula, har ruwa yana sarƙe shi, alhali matsalar haɗiya ma aikin masu gyaran magana ce. Ya rasu ba mu san abin da yake so ya gaya wa 'ya'yansa ba.

Duk da haka ban ce mata ta zaɓi magana ba. Tausayi yana kai mutum makaranta, amma ba ya zaunar da shi wata shida gaban yaro ɗaya ana maimaita "ba, ba, ba". Ayyukan biyu duk na jan rai ne, hukuma ɗaya ma, wadda aka kafa a 1988, ke ba su lasisi, kuma kowanne ana koyar da shi a Kudu: Oshodi ko Ile-Ife ga na farko, Ibadan ga na biyu. Na ce ta nemi izini ta yi mako guda tana kallon masu aikin farko a asibitin ƙwaƙwalwa na hanyar Baga, sannan ta yi wani makon tare da yaron maƙwabtanmu mai i'ina, ta lura a ina ne take yawan duba agogo.

Ta ce, "In duka biyun ban duba ba fa?" Na ce ta dawo mu sake zama, amma wannan karon ta zo da uwarta.