Annabin da Bai Fito Ƙofa Ba

Karatun yau: 2 Sarakuna 5:1-14
Ayar haddacewa: Yakubu 1:22

Kafin ka duba saƙonnin da suka kwana a wayarka, buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta ayoyin nan 14 a natse. Kana karantawa, ka lura da inda Elisha yake sa'ad da babban baƙonsa ya iso.

Na'aman shugaban rundunar sojan Suriya ne, mai faɗa a ji a gaban sarkinsa, amma kuturta ta kama shi. Ya taso da wasiƙar sarki, da azurfa talanti 10, da zinariya shekel 6,000, da tufafin ado 10. Dawakansa da karusansa suka yi cirko-cirko a ƙofar gidan annabi. Duk wanda ya yi irin wannan tafiya yana sa ran a fito a tarbe shi, a ba shi ruwa, a dubi ciwon da ido. Elisha kuwa bai ko leƙo ba. Ɗan aike ya tura masa da umarni gajere, cewa ya je Kogin Urdun ya yi wanka sau bakwai.

Shekara da shekaru ina karanta wannan labari ina ganin kamar annabin ya yi wa baƙonsa rowar fuska. Sai da shekarar 2020 ta zaunar da ni a ɗaki, ni ma na zama mai aika saƙo daga nesa, sannan na fara fahimta.

Ni malamar kimiyyar lafiya ce a wata makarantar sakandare a nan Jos. Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Najeriya, a Legas. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu a duk faɗin ƙasa, a watan Afrilu kuma gwamnatin Filato ta sa dokar zaman gida. Kasuwar Terminus ta yi tsit, haka ta Faringada. Ga 'yan ajin ƙarshe da jarrabawar WAEC a gabansu, ba wanda ya san ranar da za a yi ta. Abin da ya rage mini shi ne waya da WhatsApp.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Duk malami ya san gaskiyar wannan magana. A aji, kana bayani kana karanta fuskoki. Ka san wanda ya gane, ka san wanda ya ɓace tun a jimla ta biyu, ka san wanda bai karya ba ya zo makaranta. Darasinmu kuma na hannu ne. Yaya za ka koya wa yaro ɗaurin rauni ba ka riƙe hannunsa ba? Sai in ce musu su ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasa da babban yatsa, su ƙirga bugun jini na minti ɗaya, in gaya musu cewa na babban mutum mai hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100. Ko sun yi, ko ba su yi ba, ban gani ba.

Nakan tashi da ƙarfe biyar cikin sanyin nan namu na Jos, in lulluɓa da bargo, in ɗauki muryata kafin zakaru da janareton maƙwabta su cika unguwa. In an yi sa'a akwai wuta, akwai data, saƙon ya tafi. Sai jira. Cikin ɗalibai kusan 40, waɗanda suke amsawa ba su kai rabi ba. Wasu ko alamar an buɗe saƙon ba na gani. Bayan makonni kaɗan zuciyata ta yi sanyi, kuma ina shaida a gabanku cewa na fara yin aikin da ka, ba shiri, ba addu'a. Na ce a raina, wa zai sani?

Akwai darasi guda da na yi da dukan zuciyata, domin labarin garinmu ne. A Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yau. Aka kawo ta asibitin mishan na SIM a nan Jos, a nan ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta New York ta rayu, kuma a Jami'ar Yale aka gano ƙwayar cutar da duniya ta sani yau da sunan zazzaɓin Lassa. A farkon 1970 Dakta Jeanette Troup, likita a asibitin Evangel da muke kira Jankwano, ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ita ma ta rasu. Mutane sun ba da ransu kafin mu sami ilimin da nake karanta wa yara cikin minti shida.

Ilimin kuwa ba shi da wuya. Wani irin ɓera ne yake ɗauke da cutar, yana barin ta cikin fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Ta fi yaɗuwa da rani, tana iya ɗaukar har kwana 21 kafin ta nuna, kuma farkonta yana kama da zazzaɓin cizon sauro. Sai na ce musu a zuba hatsi cikin mazubi mai murfi, a daina barin shanya ta kwana a waje, a nisanta juji da gida, a wanke hannu da sabulu, in zazzaɓi ya ƙi jin magani a garzaya asibiti. Shi ke nan. Ba allura, ba na'ura, ba kalma mai nauyi. Na tura, shiru ya biyo baya kamar kullum.

Mu koma wurin Na'aman. Me ya fusata shi? Littafi ya nuna mana abin da ke ransa. Ya zaci annabin zai fito, ya tsaya, ya kira sunan Allahnsa, ya kaɗa hannu a kan ciwon. Ya riga ya tsara wa Allah yadda zai warkar da shi. Da aka ba shi saƙo a maimakon biki, sai ya tuna da Abana da Farfar, kogunan Dimashƙu, ya ga sun fi Urdun kyau nesa ba kusa ba. Ya juya cikin fushi da kuturtarsa a jiki. Maganin yana hannunsa, amma ya raina shi don ya zo ta bakin ɗan aike, ya kuma raina shi don ya yi sauƙi.

Dubi mutanen da Allah ya yi aiki ta wurinsu a wannan sura. Ƙaramar yarinya da aka kamo daga ƙasar Isra'ila tana yi wa matar Na'aman aiki, ita ta fara kawo zancen annabin. Ɗan aike ya kai umarnin ƙofa. Barorin Na'aman suka lallashe shi da ladabi, suka tuna masa cewa da abu mai wuya aka ce ya yi, ai da ya yi. Ba ko ɗaya cikinsu da aka rubuta sunansa a wurin. Sarakuna biyu suna cikin labarin, na Suriya da na Isra'ila, ɗaya ya rubuta wasiƙa, ɗaya ya yage tufafinsa don tsoro, amma ba wanda ya kai majinyacin bakin ruwa. Marasa suna ne suka kai shi.

A watan Agusta aka buɗe wa 'yan ajin ƙarshe makaranta, domin an sa jarrabawar WAEC ta fara ranar 17 ga watan. Akwai wata yarinya da ban taɓa samun amsarta ba ko sau ɗaya, har na rubuta ta a zuciyata cikin malalata. Ta same ni bayan an tashi, takunkumi a fuska, ta rusuna ta ce, “Malama, ki yi haƙuri. An kai ni ƙauye wurin Kaka. Wayar ta kawuna ce, sai ran kasuwa yake samun caji da sabis.” Ta miƙo mini littafin rubutu. Kowane saƙon murya da na tura, ta saurara ta rubuta shi da hannu, har da waɗanda na yi da ka, har da wani kuskure da na yi ban koma na gyara ba. Kunya ta rufe ni.

Ta ce darasin ɓera kuwa sai da ta kunna wa Kaka shi sau uku tana fassara mata da yarensu. Da fari tsohuwar ta ce tun kaka da kakanni a kan fa ake shanya acca, ba wadda za ta koya mata daga cikin waya. Daga baya ta sa aka sayo bokiti biyu masu murfi, ta kuma kai maganar taron zumuntar mata.

Ba zan ce muku saƙona ya ceci rai ba. Allah kaɗai ya san abin da ya kare. Haka rigakafi yake, wanda bai kamu ba ba ya dawowa ya yi godiya, domin bai ma san an tsare shi ba. Abin da na sani shi ne, a ranakun da nake cewa ba mai ji, akwai yarinya a ƙauye tana jiran ranar kasuwa da biro a hannu.

Daga nan na ga Elisha da wani ido. Zamansa a ɗaki ya raba Na'aman da dogara ga mutum. Da annabin ya fito ya shafa ciwon, da jarumin ya koma Suriya yana ba da labarin hannun Elisha. Da yake a cikin ruwa ya warke, nesa da annabin, abin da ya dawo yana shaidawa a aya ta 15 shi ne Allahn Isra'ila. Ko kyautar da ya kawo Elisha bai karɓa ba. Malamin kirki yana so darasi ya tsaya da ƙafarsa bayan shi ya kauce.

Manzo Bulus ma malami ne daga nesa. Yana ɗaure ya rubuta wa Kolosiyawa, kuma a farkon sura ta biyu ya ambaci famar da yake yi domin mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Tikikus ya ba wasiƙar ya kai, ya kuma ce in an gama karanta ta a kai wa ikkilisiyar Lawudikiya. Bai ga fuskokinsu ranar da aka karanta ba, bai san za ta iso Bukuru da Gindiri da Tudun Wada cikin harshen Hausa ba. Ya dai rubuta da aminci, sauran ya bar wa Ubangiji.

To, a safiyar nan kowannenmu yana tsaye a wurare biyu. Wani lokaci kai ne mai aika saƙo. Uwa ce ke mai yi wa ɗa faɗa a waya yana makaranta a Zariya ko Abuja. Malami ne kai, ko ma'aikacin jinya mai maimaita magana guda ga majinyata tun safe, ko mai addu'a domin wanda ya daina gaishe ka. Muna cewa gani ya kori ji, amma aikin Allah da yawa ana yin sa ne ba a gani. Kada rashin amsa ya sa ka rage mudu. Wanda ya ba ka aikin yana gani ko da ajin duka ya yi shiru.

Wani lokaci kuma kai ne Na'aman. Mu duka ɗalibai ne na Malamin da ba mu taɓa gani da ido ba, kuma Yesu ya sa albarka ga masu ba da gaskiya ba tare da gani ba, kamar yadda ya nuna wa Toma a Yahaya 20:29. Saƙonsa yana iso mana kowace rana, sau da yawa ta bakin wanda ba mu ɗauka da muhimmanci ba: ɗanka, mai aikin gidanka, ƙaramin ma'aikaci a ofis. Umarnin ma ba ya wuce abin da muka riga muka sani. Ka nemi gafarar matarka. Ka mayar da kuɗin da ba naka ba. Ka je asibiti a duba kumburin nan da kake ɓoyewa. Ka gai da maƙwabcinka wanda addininku ba ɗaya ba. Muna hawa dutse muna azumi muna neman sabon wahayi, alhali tsohon saƙon yana nan ba mu yi shi ba. Na'aman bai warke don ya ji umarnin ba, bai kuma warke a nutso na uku ya fito ba. Sai da ya cika bakwai jikinsa ya koma kamar na ƙaramin yaro.

Tambayoyin bimbini:

Wane aiki ne na fara yi da sakaci don ina ganin ba mai lura?

Wane umarni mai sauƙi ne Ubangiji ya aiko mini na ajiye shi, don na raina bakin da ya kawo shi?

Addu'a: Ya Uba na sama, mun gode maka da ka tashe mu lafiya. Ka gafarta mana ranakun da muka yi aikinka da rabin zuciya. Ka ƙarfafa malamai masu koyarwa ba sa ganin ɗalibansu, da yaran da suke neman ilimi ba wuta ba data. Ka tsare likitoci da ma'aikatan jinya na Jos da na ƙasarmu duka. Ka cire mana girman kan da yake hana mu sauka cikin ruwa, ka ba mu zuciyar biyayya. A cikin sunan Yesu Almasihu, amin.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, saƙon da ka daɗe da samu kana ɗagawa, yau kafin rana ta faɗi ka je ka aikata shi.