Raini a Gidan Ilimi

A shekarar 1973 wani masanin kimiyya mai suna Christopher Woodcock, da ke aiki a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, ya aika wa mujallar Nature takarda ɗauke da wasu hotuna. Har yau masu binciken ƙwayoyin gado suna ba juna labarin amsar da ya samu. Wanda aka ba aikin ya duba ya ce in har abin da ke ciki gaskiya ne, to sai an sake rubuta littattafan da ake karantarwa da su. Ya ce bai taɓa karanta aiki mai wauta irin wannan ba. Ya rufe da cewa kada a kuskura a buga shi a ko'ina.

Kusan kowane tantani na jikinmu yana ɗauke da zaren DNA wanda in an miƙe shi zai kai mita 2, amma Allah cikin ikonsa ya naɗe shi a wata 'yar cibiya da faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Zaren yana tare da wasu furotin da ake kira histon, haɗin su biyun kuma shi ne kiromatin. Manya na wancan zamani sun tafi a kan cewa histon lulluɓe zaren kawai yake yi daga farko har ƙarshe. Shi kuwa Woodcock da ya leƙa ta madubin lantarki sai ya ga ƙulli-ƙulli a jere, tamkar carbi. Wasu ma'aurata, Ada da Donald Olins, suka ga irin wannan a Tennessee, nasu ya fito a mujallar Science a farkon 1974. A shekarar ce kuma Roger Kornberg, yana ɗan shekara 27 a Kambirij ta Ingila, ya bayyana cewa kowane ƙulli histon 8 ne da zare naɗe a jikinsu. A 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond suka fito da cikakkiyar surar ƙullin a Zurich: haruffan gado 146, sun kewaye histon ɗin kusan sau biyu. Littattafan kuwa an sake rubuta su kaf. Cikakken aikin Woodcock bai ga rana ba sai 1976, bayan an riga shi.

Wannan shi ne raini: ka yanke wa abu hukunci tun kafin ka dube shi, saboda ka ga wanda ya kawo shi bai kai ba. Kada a haɗa shi da tantancewa. Da mai dubawan nan ya ce, "Ina tsoron busar da samfurin ne ya jawo ƙullin nan, a sake gwadawa ta wata hanya," da ya yi aikinsa, domin irin wannan ruɗin yana faruwa a madubin lantarki. Shakka hakkin mai ilimi ce, har ma wajibinsa ce. Amma hujjar mutumin nan guda ɗaya ce, wato abin ya saɓa wa littafi. Malamanmu na addini sun daɗe suna karantar da mu cewa girman kai ƙafa biyu gare shi, ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane, kuma ga su nan duka a 'yan layukan da ya rubuta.

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mukan ja wannan karin magana ne don jan kunnen mai ƙarfi, kada abokin gaba ya shammace shi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda hakin ya zaɓa ya tsona. Bai soki ƙafa ba, bai soki hannu ba, ido ya nufa, wurin gani. Mai raini ganinsa yake fara rasawa. Mutumin da aka ajiye wa ɗaya daga cikin manyan abubuwan da aka gano a ƙarnin a kan teburinsa, ya kalla bai gani ba, wace asara ta fi wannan ga wanda ya ƙarar da rayuwarsa a neman ilimi? Sai dai a gidan ilimi ba idon mai rainin kaɗai ke tsonewa ba, domin shi ke riƙe da ƙofa, duk wanda ke bayansa sai ya jira.

Histon ɗin kansa ya sha raini. Tun 1964 Vincent Allfrey, a Rockefeller ta New York, ya nuna cewa ana liƙa wa histon wasu ƙananan alamomi, ya kuma ce wataƙila su ke buɗe ko rufe ƙwayar gado. Ba a ɗauki zancen da nauyin da ya kamata ba. Sai bayan shekara 32, a 1996, David Allis da ɗalibinsa James Brownell suka kamo sinadarin da ke liƙa alamar, daga jikin wata 'yar halittar kududdufi mai suna Tetrahymena. Allfrey ya rasu a 2002. A 2006 aka amince da magani na farko na wani nau'in sankara da ke aiki ta wannan hanya.

Misalin da ya fi shafar mu ma yana nan. Abin da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin a zaren gadonmu bai kai kashi 2 cikin 100 ba, saura kuwa tun wajen 1972 aka laƙaba masa suna shara. A cikin wannan sharar, a 2013, ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya gano wani ɗan yanki da ke kunna BCL11A, ƙwayar gadon da ke dakatar da yin irin jinin jarirai a jiki bayan haihuwa. In aka yanke yankin, jinin jarirai ya dawo, ciwon sikila ya lafa. Maganin Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ke nan. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar masu sikila, kuma ko da yake dala miliyan 2.2 da ake sayar da shi ta fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba, hanyar dai ta buɗe.

Abin da ya sa ni rubutun nan a gida na gan shi. Na zauna a wani zauren kare digiri na biyu a wata jami'a. Ɗalibar ta haska hoton gwajinta a bango, ga wani siririn layi ya fito inda littafi bai ce zai fito ba. Babban baƙon da aka gayyato ya duba aikin yana juya shafuka da bakin biro, ko ɗaga kai bai yi sosai ba.

"Ke yarinya, wa ya koya miki wannan?"

"Ranka ya daɗe, na maimaita gwajin, haka yake fitowa."

"Turawan da suka rubuta littafin ba su gani ba sai ke? Je ki cire shi."

Aka yi dariya. Malaminta ya sunkuyar da kai. Ta ce, "To, Farfesa," muryarta na rawa.

Mai yiwuwa ne layin nan gurɓata ce kawai, yawancin irinsa haka suke. Amma tambaya ɗaya ta isa ta raba gardama: ina littafin da kike rubuta gwajinki, mu gani? Ba a yi ta ba. Yarinyar da ta sayi sinadarai da kuɗin iyayenta, ta yi ta faɗi-tashi da ɗaukewar wuta don kada samfurinta ya lalace a firji, ba ta cancanci minti biyar na dubawa ba?

Ya ku manyanmu, ku ji tsoron Allah. Kujerar nan amana ce aka ba ku, ba gadon sarauta ba. Kullum kuna kukan cewa ɗalibai ba sa tunani, kwafe kawai suke yi. To wa ya koya musu? Duk ɗalibin da ya zauna a zauren nan ya tashi da darasi guda: in gwaji ya saɓa wa littafi, goge gwajin. Daga nan ne ake fara gyara lambobi don su yi daidai da abin da Farfesa yake son gani, kuma waɗannan yaran su ne za su zauna a kujerunku nan da shekara ashirin, su duba aikin wasu. Ladabin da muka gada, na ƙarami ya yi shiru gaban babba, abu ne mai kyau, kuma ɗalibar nan ta sauke nata. Saura naku, na sauraro, wanda a ranar babu ko ɗaya daga cikin masu manyan riguna da ya sauke.